Neman kalma: me za mu kira abin da ke tura tauraron labari ya aikata abin da ya aikata?

Mai fassara: Malamai, a taimaka. Muna da jigo, salo, zubi da tsari, babban tauraro da ƙananan taurari. Amma abin da Bature ke kira "motivation" har yanzu kowa da tasa: wani ya ce manufa, wani dalili, wani niyya. A tsayar mana da guda.

Malamar adabi: A fara cire manufa, Malam. Tun a ƙaramar sakandare ake koya wa yara cewa jigo shi ne manufar marubuci. Ka ce musu "kawo manufar Abubakar a Jiki Magayi", rabinsu za su rubuto maka jigon littafin, su ce illar auren dole da ramuwar gayya. Jigo na marubuci ne, shi kuwa wannan abu a cikin ƙirjin tauraro yake.

Mai duba jarrabawa: Dalili ma ya cika faɗi. Ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933. A tambayi dalilin fitar Alhaji Imam, ɗalibi zai ce: liman ya ce ruwan bagaja zai warkar da ɗan sarki, sarki ya wulaƙanta shi. Bai yi kuskure ba, amma aukuwa ya faɗa. Mutum nawa suka ji wannan wulaƙanci suka koma gida suka kwanta? Abin da ake nema shi ne kishin da ya hana Alhaji zama. Abu uku ne ke cakuɗewa: musabbabi, wato abin da ya faru, buri, wato abin da tauraro ke son cimma, sai na tsakiyar da muke nema wa suna.

Mai fassara: To niyya fa? Ko ingizo, daga ingiza?

Malamar adabi: Niyya sai mutum ya san ya ƙulla ta. Gwada ta a kan Okonkwo na littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, 1958. Burinsa muƙamai da suna a Umuofia. Amma abin da ya sa ya sare Ikemefuna da adda, yaron da ke kiransa baba, tsoro ne, kada a ce rago ne irin mahaifinsa Unoka. Ba wanda ke niyyar tsoro, kuma shi kansa ba zai yarda yana da shi ba. Ingizo kuwa yana da warin ingiza mai kantu ruwa, ana jin hannun wani a baya. Zai dace da matar Macbeth ta wasan kwaikwayon Shakespeare, wadda ta zuga mijinta, ba zai dace da abin da ke cin mijin tun kafin ta buɗe baki ba.

Ni ƙaimi na zaɓa. Linzami ke nuna wa doki hanya, ƙaimi ke hana shi tsayuwa, kuma a ciki yake jin sukarsa, ba gabansa yake hangen sa ba. Jigon ma ai daga itace aka aro shi, tauraro daga sama.

Mai duba jarrabawa: Kin kawo ta, Malama, sai dai da gyara. A bakin mutane "ƙara ƙaimi" ya koma ƙara ƙoƙari. A rubuta "bayyana ƙaimin Okonkwo", wani zai zayyano kokawa da noman doya. A ce ƙaimin zuci. Jam'i kuma a bar ƙayame wa masu dawaki, a ce ire-iren ƙaimin zuci.

Tambaya sai ta zama: "Kawo musabbabi, ƙaimin zuci da burin Abubakar, tare da hujja daga littafi." Musabbabi: Malam Shehu ya raba shi da Zainab da ƙarfin dukiya. Ƙaimin zuci: ɗacin wulaƙanci. Buri: ya rama ta kan Kyauta, ɗan Malam Shehu da Zainab. Mafi yawan maki a ɗora kan na tsakiya, domin shi ne sai an tono daga magana da aikin tauraro.

Mai fassara: Na karɓa. Na shigar da ƙaimin zuci a jerin kalmominmu, musabbabi da buri kuma kowanne da layinsa.