Neman shawara: littafin salon maganar Turanci

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Ɗiyata za ta zana JAMB bana, kuma salon maganar Turanci ne ke kayar da ita. Jiya ta fassara min "under the weather" da "a ƙarƙashin yanayi". Wane littafi ko manhaja kuka ga ya dace?

Ticha: Wa alaikumus salam. Ma'anar "under the weather" rashin jin daɗin jiki ne, irin na mura-mura. Hajiya, ta fara da tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC. Duk wanda ya shige mata duhu ta duba ƙamus ɗin Cambridge na intanet, kyauta ne, kuma yana kawo misali a cikin jimla.

Ɗan Fagge: Akwai 'yan ƙananan littattafai a kasuwa, jeri ne kawai, magana da ma'anarta. Ta haddace shi ke nan.

Injiniya: Don Allah Anti kada ki saya mata irin waɗannan. Su suka ja min kunyar da har gobe nake jin ta. Ina sakandare na haddace ɗaya tas, a ciki an rubuta "kick the bucket" na nufin mutuwa, babu ƙarin bayani. Bayan shekaru na samu aiki a wani kamfani, maigidana Bature ne ɗan Ingila, mutumin kirki. Mahaifinsa ya rasu, na ce bari in nuna masa ni ma na ci boko. Na zauna na tsara saƙon ta'aziyya, na ce na ji baƙin ciki da mahaifinsa ya yi "kick the bucket". Har karantawa na yi sau biyu ina jin daɗin kaina kafin in tura. Kwana biyu shiru. Wata abokiyar aikinmu ce ta ja ni gefe ta ce, ka san me ka rubuta kuwa? Ashe daidai yake da ka shiga gidan makoki ka ce wa mutum "na ji tsohonka ya sheƙa barzahu". Abin da ake cewa shi ne "passed away", kamar mu ce ya riga mu gidan gaskiya. Mutumin bai taɓa tayar min da maganar ba, wannan ma ya fi ci min rai. Wata guda ina canza hanya in na hango shi.

Bazazzagiya: Innalillahi 😂 Injiniya ka yi ɓarin makauniya.

Ɗan Fagge: To laifin littafin ne? Ai ma'anar da ya ba ka daidai ce.

Injiniya: Ma'ana daidai, wurin faɗa ne bai gaya min ba.

Ticha: Shi ya sa nake son ƙamus, yana rubuta "informal" a gefen irin waɗannan. Kuma ta riƙa sauraron The English We Speak na BBC, 'yan mintuna ne, magana ɗaya suke ɗauka su yi hira a kanta.

Alhajin Gwale: Ni ban ga wahalar ba. Ai karin magana ne. "A bird in the hand" shi ne ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ticha: Ranka ya daɗe, wannan karin magana ne, gaskiya. Amma "pull someone's leg" ba shi ba ne, zolaya ce. Irin su cin fuska da jan kunne da ɗaurin gindi ne a wajenmu. Bature ya ji an ci fuskar wani sai ya nemi inda aka gatsa.

Alhajin Gwale: Duk kanwar ja ce, Malam.

Na Maraɗi: Ku kuna da sauƙi. A Faransanci igiyoyi ake yi in ruwa ya tsuge, "il pleut des cordes".

Bazazzagiya: Su igiya, masu Turanci kyanwa da kare ("raining cats and dogs"), mu ruwa kamar da bakin ƙwarya. Namu ya fi hankali wallahi.

Ticha: Wani tarkon kuma Turancinmu na gida. Muna cewa "more grease to your elbow", na Ingila "more power" ne. Haka "cut your coat according to your size", asalinsa "cloth" ne. A jarrabawa kuwa, Turancin Ingila ake bi.

Ɗan Fagge: Shekara nawa ina shafa wa mutane giris a gwiwar hannu!

Injiniya: Har tsakanin Turawan ma akwai saɓani. A majalisar Ingila "table a motion" gabatar da ƙuduri ne, a Amurka kuwa jingine shi ne.

Maman Biyu: Jama'a ni fa littafi na tambaya. In saya ko kar in saya?

Alhajin Gwale: Ki saya Hajiya, nawa yake? Af, waɗanda ba su tura kuɗin gudunmawar biki ba, Juma'a za a rufe.

Bazazzagiya: Injiniya, tsaya tukuna, Baturen yana nan har yanzu?