Neman shawara: ina so in yi fim a kan yaƙin Njamena na 1979, amma Inna ta ce labarina bai cika ba

Mai ɗaukar bidiyo, Kuseri:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena, shekara shida ke nan. Ina da kyamara biyu, da kwamfutar da nake haɗa aiki, da ɗan abin da na tara, jaka ɗari takwas. Tun bara nake rubuta labarin fim, kuma ba na soyayya ba ne.

Ga yadda yake. Wani ƙaramin jami'in tsaro a Njamena, a watan Fabrairun 1979, ya gano cewa kashe-kashen da ake yi tsakanin Musulmi da Kirista wasu manya ne a gwamnati suka kitsa su. Mota ɗaya ce ke kai bindigogi unguwar nan da safe, ta kai waccan da yamma. Sai ya sace fayil daga ofishin DDS, wato hukumar 'yan sandan sirri ta Cadi, aka bi sawunsa har bakin kogin Shari.

Abin da ya sa na damu da labarin, Innata tana cikinsa. Tana da shekara goma sha uku lokacin, mahaifinta yana da shago a Mursal, unguwar da galibinta mutanen kudu ne. Wata maƙwabciyarsu 'yar ƙabilar Sara ta ɓoye su kwana uku a ɗakin girkinta, bayan buhunan gawayi, kafin su samu kwale-kwalen da ya tsallako da su nan. Daren Juma'a na karanta wa Inna rubutun tun daga farko har ƙarshe. Tana tsinar shinkafa a faifai, ba ta ɗago kai ba har na gama. Sai ta ce: "To ina wanda ya nuna gidanmu? Shi ba minista ba ne. A shagon Baba yake karɓar sukari bashi."

Tun ranar ban iya ƙara layi ɗaya ba. Ku ba ni shawara don Allah: in bar labarin yadda yake, ko in rushe? In ambaci sunayen shugabanni na gaskiya? Kuma ta yaya zan yi aikin ba tare da na jefa kaina a hannun hukuma ba?

Tsohon malamin tarihi, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a je ga maganar mahaifiyarka, akwai kuskure a ginin da dole ka gyara. A 1979 babu DDS. Sai da Hissène Habré ya karɓi mulki a watan Yunin 1982 sannan aka kafa ta a farkon 1983. Duk wani dattijon Cadi da ya ga jaruminka yana satar fayil ɗin DDS a 1979 zai tashi ya bar kallon.

Na biyu kuma ya fi nauyi. Ka rubuta "gwamnati" kamar abu guda ce mai kai guda. A lokacin gwamnatin kanta ce ta rabe biyu. Janar Félix Malloum, ɗan kudu, shi ne shugaban ƙasa. Habré, ɗan arewa, shi ne firayim minista tun watan Agustan 1978, kuma kowannensu da nasa sojojin a cikin gari ɗaya. Ran 12 ga Fabrairu rikici ya tashi a makarantar Félix Éboué, kafin ka ce kwabo dakarun FAN na Habré da sojojin ƙasa sun buɗe wa juna wuta. Daga nan abin ya sauko kan talakawa: mutanen kudu suka yi ta gudu daga Njamena, a kudu kuma, musamman Mundu, aka far wa Musulmi 'yan kasuwa. A Kano aka je aka zauna a watan Maris, Malloum ya sauka ya tafi Najeriya. Zaman bai ɗore ba, a 1980 aka sake gwabzawa wata tara tsakanin Habré da Goukouni Oueddei, shugaban ƙasa na lokacin, su biyun kuwa Musulmi ne 'yan arewa.

Ka riƙe wannan na ƙarshen da kyau. Haka ma da Habré ya hau, an yi wa kudu kisan Satumban 1984, amma an bi ƙabilar Hajarai a 1987, an bi ƙabilar Zagawa a 1989, kuma akasarinsu masu salla ne. Idan fim ɗinka ya nuna addini ne kaɗai ma'aunin wanda za a kashe, ka faɗi rabin gaskiya.

In maƙarƙashiyar hukuma mai takardu kake so, matsar da labarin zuwa shekarun 1980. Nan ne akwai shaida a rubuce. A 2001 an tarar da takardun DDS zube a ƙasa a tsohuwar hedikwatarta, da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Akwai kurkukun da ake kira Piscine, tafkin wankan Turawan mulkin mallaka da aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai ran 30 ga Mayun 2016, ya rasu a can a 2021. Abin da kotu ta tabbatar ba wanda zai ce ka ƙirƙira.

Ɗan kasuwa, Garwa:
Ƙanena, ni dai shawarata ka bar wannan magana. A bar kaza cikin gashinta. Ka manta abin da ya faru a yankinku a Disambar 2021 tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum? Daga rigimar ruwan shanu har wuta ta kai kasuwar Kuseri, dubban mutane suka tsallaka Cadi. Wurin da miki bai gama warkewa ba za ka nuna wa matasa maƙwabci yana yanka maƙwabci? Jaka ɗari takwas ba ƙaramin kuɗi ba ne, ka ƙara kayan aiki da su.

Hajiya, Njamena:
Alhaji na Garwa, ka yi haƙuri, ban bi ka a nan ba. Shirun da muka yi shekara arba'in da ɗoriya me ya warkar? Jikokina abin da suke ji a bakin titi kawai suka sani, kowane ɓangare yana ƙirga gawarsa shi kaɗai.

Ɗana, ni sa'ar mahaifiyarka ce, na ɗan girme ta ma. Mu a yaƙin 1980 muka tsallaka. Lokacin babu gadar Ngeli, sai kwale-kwale, masu fito suna tsawwala kuɗi, mata na miƙa 'yan kunne da zannuwa. Abin da ban manta ba har yau shi ne wata tsohuwa da ta shiga jirgi rungume da turmi, ta ƙi sakinsa, ta ce na aurenta ne. Ba minista ko ɗaya a bakin ruwan nan.

Maganar Innarka ita ce fim ɗin, ba fayil ba. Labarin "manya ne suka shirya komai" yana da daɗin ji, don yana wanke mu duka. Kowa ya fita daga kallo yana cewa Allah ya isa tsakaninmu da shugabanni, ya koma gida hankali kwance. Ban ce manya ba su da hannu ba, su suka tara sojoji a gari, su suka hura wutar arewa da kudu don kujera. Amma ba su san gidan kakanka a Mursal ba. Wani ne da ya san ƙofar ya nuna, wataƙila don bashin sukarin ya bi ruwa. Wata kuma da ta san ƙofar ta buɗe tata, alhali da an kama su Innarka a ɗakinta da ita ma ba ta kwana ba. Waɗannan mutum biyu addininsu ɗaya, unguwarsu ɗaya. Ka sa su a gaban kyamara. Kuma ka yi adalci: ka nuna irin wannan a ɗaya ɓangaren, domin a unguwannin Musulmi ma an nuna gidajen mutanen kudu, an kuma ɓoye wasu. In ka nuna namu ciwon kaɗai, to abin da Alhaji ke tsoro shi zai faru.

Sannan ka nemi izinin Innarka da bakinka kafin ka sa rayuwarta a fim. Ta gyara maka labari, amma ba ta ce ta yarda ba tukuna.

Ma'aikacin rediyo, Ngaundere:
Ni ta fannin hukuma zan yi magana. Kana jihar Arewa Mai Nisa, inda ake yaƙi da Boko Haram, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014 tana aiki. Duk mun ga abin da ya sami Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI: an kama shi a Marwa a watan Yulin 2015, kotun soja ta ba shi shekara goma, sai ƙarshen 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Ba tsoratar da kai nake ba. Amma kada ka kuskura a gan ka a bakin kogi, kan iyaka, da samari cikin kakin soja da bindigogin katako ba tare da takarda ba. Ka fara da ofishin ma'aikatar al'adu na yankinku don izinin ɗauka, ka kai kwafi wurin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gundumarku, da jandarmomi, ka ajiye ɗaya a aljihunka kullum. Sunayen Malloum da Habré kuwa, ka bar su su fito daga akwatin rediyo a cikin fim, kamar yadda mutane suka ji su a lokacin. Kada ka sa ɗan wasa ya hau matsayinsu yana faɗin maganar da ba ka da shaidar sun faɗa.

Wata 'yar wasan kwaikwayo, Marwa:
Yaya, da kuɗinka ba za ka iya nuna yaƙi ba, kuma ba ka buƙata. Ɗakin girki ɗaya, kwana uku, ƙarar harbi daga waje, da takun mutum a bakin ƙofa. A bar maƙwabciyar ta yi Larabcin Cadi da Sara, iyalin su yi Hausa, a rubuta fassara a ƙasa. In ka tashi neman 'yan wasa ina so in gwada.

Mai ɗaukar bidiyo, Kuseri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na cire DDS daga 1979. Jami'in tsaron ban jefar da shi ba, zan mai da shi ɗan maƙwabciyar, wanda ya san abin da ake rabawa a bariki kuma ya dawo gida ya tarar da su Inna a ɗakin uwarsa. Alhaji, na ji tsoronka, ba zan nuna yanka ko ɗaya ba.

Hajiya, jiya bayan isha'i na tambayi Inna kamar yadda kika ce. Ta yarda, da sharaɗi biyu: kada a faɗi sunan wanda ya nuna gidan, don 'ya'yansa suna raye, kuma in nemo dangin matar da ta ɓoye su kafin in kunna kyamara. Ta ce rabonta da ita tun safiyar da ta raka su bakin hanya ta ɗaura mata ƙullin gyaɗa a gefen zane. Ranar Asabar zan tsallaka Njamena. Idan akwai dattijon da kika sani wanda ya zauna Mursal kafin yaƙin, don Allah ki yi mini magana ta sirri.