Sai Mai Rajista Kaɗai Zai Taɓa Kofaton Doki?

Alhaji na Ingila: Assalamu alaikum jama'a. Magana ce nake so mu duba tsakani da Allah. A ganina duk mai dokin da ya miƙa ƙafar dokinsa ga mutumin da ba wata hukuma da ta gwada hannunsa, ya yi ganganci da dabbarsa. A Birtaniya tun 1975 aka yi doka cewa ba mai buga wa doki takalmin ƙarfe sai wanda sunansa ke cikin rajista. Kafin sunan ya shiga, sai mutum ya yi kimanin shekara 4 yana koyo a hannun gwanin da aka amince da shi, yana kuma zuwa kwaleji, sannan ya zauna jarrabawar kammalawa, wadda a da tsohuwar ƙungiyar masu sana'ar ta Landan, mai asali tun 1356, ke shiryawa. A jarrabawar zai ƙera takalmi daga sandar ƙarfe, ya buga wa doki mai rai, ya amsa tambayoyi a kan ƙasusuwa da jijiyoyin ƙafa, kuma cikin masu gwada shi har da likitan dabbobi. Wanda ya buga takalmi ba rajista ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Likitan dabbobi da ɗalibin da ke koyo da mai taimakon gaggawa ne dokar ta keɓe. Mu kuwa duk wanda ya ɗauko wuƙa da magagari ya ce ya iya, sai a ɗaga masa ƙafar ingarma. Wannan ne nake cewa bai dace ba.

Baba Shamaki: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙasarsu daban, tamu daban. Dawakinsu na yawo cikin laka da danshi yawancin shekara, kofato ya yi laushi, ga kwalta ko'ina, shi ya sa takalmi ya zame musu dole. Dokinmu a rairayi da busasshiyar ƙasa ya tashi, kofatonsa ƙarami ne, tsaye, mai tauri, mafi yawansu har su tsufa ƙusa ba ta shiga ƙafarsu ba. Abin da suke bukata datsewa ce, kuma akwai mutane a bargogin sarakuna da suka gaji aikin, ba su da takarda ko ɗaya. Ga abin da gwani ke yi, ku auna da kanku. Ba ya fara yanka sai ya sa an ja dokin a ƙasa mai tauri, ya gan shi daga gaba, daga baya, daga gefe, ya ga wane ɓangaren kofato ke fara taɓa ƙasa. Sai ya ƙwaƙule datti, ya kankare mataccen tafin da ke ɓarɓashewa kamar alli, da zarar ya iso wurin da ya yi santsi mai sheƙi ya tsaya. Ya rage bangon kofato ya bar shi ɗan sama da tafi kaɗan, ya daidaita dunduniyoyin biyu tsayinsu ɗaya, ya zagaye bakin da magagari don kada ya tsage. Takarda ce za ta koya masa inda zai tsaya?

Likita: Baba, Allah ya ƙara girma, akwai abin da zai ƙarfafa maganarku wanda Alhaji bai ambata ba. Ita dokar ta 1975 takalmi ta kama, wato shirya kofato don a sa masa takalmi nan take, da bugawa, da gamawa. Datse kofaton dokin da ba za a sa wa takalmi ba bai shiga cikinta ba. Don haka a Ingilar ma akwai masu datsewa da ba su da rajista kuma ba su karya doka ba, sai dai in sun gurgunta dabba a kama su da dokar kare dabbobi ta 2006. Arewacin Ireland ma dokar rajistar ba ta kai can ba. A Amurka kuwa, da duk yawan dawakinsu, ba a tilasta lasisi, jarrabawar ƙungiyar masu sana'ar ta ganin dama ce.

Amma fa kada mu ɗauki wannan mu ce gado ya wadatar. Kofato ba ƙaho ba ne zalla. A cikinsa akwai ƙashi mai siffar kofaton kansa, rataye a jikin bango da wasu siraran ganyayyakin nama masu ɗauke da jini, kusan 600 a kowace ƙafa. Tsakanin ƙashin nan da ƙasa ba komai sai tafin kofato, wanda kaurinsa a lafiyayyen doki yakan kai kimanin santimita 1 zuwa 1 da rabi. Mai wuƙar da ya fere shi don ya fito fari tas ya burge mai doki, ya cire wa ƙashin garkuwarsa. Dokin zai riƙa taka tsakuwa yana noƙewa, bayan kwana kaɗan jini ya kwanta a ciki, daga nan sai ƙurji. Wannan kuskuren ya fi kowane yawa a hannun waɗanda ba a koya musu abin da ke ciki ba.

Malam Maƙeri: Likita ta kawo mu inda maganar take. A raba datsewa da buga ƙusa, don haɗarinsu ba ɗaya ba ne. In ka ɗaga kofato ka share, za ka ga wani siririn layi mai ruwan ƙwai-ƙwai ya zagaye tsakanin bango da tafi, shi ake kira farin layi. Faɗinsa milimita 3 ne ko kusa da haka. Ƙusa a nan take shiga, ta bi cikin bango ta fito waje. Tsinin ƙusar doki a fiƙe yake ta gefe ɗaya, kuma fiƙaƙƙen gefen ciki yake kallo, shi ke karkata ta waje in ana bugawa. Wanda ya juya ta, ko ya ɗauko ƙusar kafinta, kai tsaye nama za ta nufa. Ya kamata ta fito a kusan kashi ɗaya cikin uku na tsayin bango daga ƙasa, duk ƙusoshin a jere. Ta yi ƙasa, bango ya ɓalle takalmi ya faɗi. Ta yi sama, ta matse nama, dokin ya fara ɗingishi bayan kwana biyu ko uku. Ƙusa 6 ko 7 sun isa, kuma ba a bugawa bayan wurin da kofato ya fi faɗi, domin dunduniya buɗewa take tana rufewa duk takun da doki ya yi.

Sai babban laifin 'yan gaggawa: su sayo takalmin da ya yi wa dokin kaɗan, su buga, sannan su goge kofaton da ya leƙo har ya yi daidai da ƙarfen. Takalmi ake lanƙwasawa ya bi kofato. A wannan ɓangaren ina tare da Alhaji ɗari bisa ɗari. Wanda ba a gwada ba kada ya riƙe guduma.

Hajiya mai Goɗiya: Ni abin da ke damuna, duk kun ɗora laifin a kan mai wuƙa. Ina mai doki? Kofato na tsiro milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma sai ya ɗauki wata 9 zuwa shekara kafin ya sabunta daga gindin gashi zuwa ƙasa. Ƙa'ida a duba shi duk mako 6, in an yi jinkiri 8. Dokin da ke ɗaure a turke ba kilisa, ƙasa ba ta cin kofatonsa, sai a bar shi wata biyar. Gaba ya yi tsawo, dunduniya ta kwanta, jijiyar bayan ƙafa ta riƙa ɗaukar nauyin da ba nata ba, ga shi ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Sai ana saura kwana uku hawa a kira mai datsewa a ce ya gyara. Ko wanda ya ci jarrabawar Landan aka kawo, in ya sare tsiron wata biyar a zama ɗaya dokin zai yi tsami. Irin wannan a hankali ake mayar da shi, kaɗan-kaɗan duk mako 3 ko 4.

Ga kuma damina. Doki na tsaye cikin fitsari da kashi, tsokar nan mai siffar kan mashi da ke tsakiyar tafi ta fara ruɓewa, baƙin ruwa mai wari na fita daga kwarin gefenta. Maganinsa share kofato kullum, yanke ruɓaɓɓen wurin, wanke shi da aidin, da zuba busasshen yashi a turke. Ba rajistar da za ta share maka barga.

Alhaji na Ingila: Hajiya, gaskiya kika faɗa, kuma na karɓi gyaran Likita a kan iyakar dokar. Amma ku duba amfanin rajista ta wata fuskar. Ba cewa nake duk mai rajista gwani ba ne, a cikinsu ma akwai masu aikin gaggawa. Bambancin shi ne akwai inda za ka kai ƙara. Hukumar rajistar tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa, tana iya dakatar da mutum ko ta goge sunansa, kuma in an goge shi ya daina cin abinci da sana'ar. Sannan sabon mai doki, wanda bai san farin layi ba, yana da wurin dubawa. Baba ya san gwani da ido. Matashin da ya tara kuɗi ya sayi dokinsa na farko don hawan Sallah fa, da me zai gane?

Ɗan Folo: Tambayar Alhaji tana da amsa, kuma ba sai an jira majalisa ba. Ga abin da ko sabon shiga zai iya dubawa bayan an gama aiki. Tsaya a gefen dokin: gangaren gaban kofato da na gaɓar da ke samansa su zama layi ɗaya miƙaƙƙe, ba karyewa gaba ko baya. A ƙafar gaba kusurwar tana kamawa daga digiri 50 zuwa 55, amma layin za ka bi, ba lambar ba, don kowane doki da ginin ƙafarsa. Tsaya a gabansa: layin gashin da ke saman kofato ya zama a kwance daidai da ƙasa, ba gefe ɗaya ya ɗaga ba. Danna tafin da babban yatsa, in ya lotsa an fere da yawa. In ka ga jini ko ɗigo ɗaya, aiki ya ɓaci. Sai babbar shaida: a ja dokin a ƙasa mai tauri nan take. Dokin da ya zo lafiya ya tafi lafiya. Duk wanda ya ce maka ɗingishin kwana uku bayan datsewa al'ada ce, kada ka sake kiransa.

Dawakin folo na Kaduna da Kano da Katsina, musamman waɗanda ake kawowa daga Ajantina, su kam takalmi suke sawa, saboda tsayawar farat ɗaya da juyawa. Irinsu duk mako 4 zuwa 6 ake cirewa a datse a mayar. In takalmi ya daɗe, kofato ya tsiro ya ja shi gaba, ƙarshen ƙarfen ya koma yana danna tafi kusa da dunduniya, jini ya kwanta a nan.

Likita: Akwai wurin da rashin ilimi ke kashe doki, ba gurguntawa kawai ba, kuma shi ya sa ban yarda a ce ido da gado sun isa ba. Na farko, ana gab da Sallah sai a cika wa doki dawa da gero da dusa don ya yi ƙiba. Hatsin da ya wuce ƙima yana ruɓewa a hanji, guba ta shiga jini, ganyayyakin naman nan da ke riƙe da ƙashi su kumbura su fara saki. Za ka ga dokin ya miƙa ƙafafun gaba ya koma da nauyinsa baya, kofato ya ɗau zafi, jijiyar jini ta bayan gaɓa tana bugawa da ƙarfi. Wanda bai sani ba sai ya ce kofato ne ya yi tsawo, ya hau fere tafi, alhali tafin ne kaɗai ya rage tsakanin ƙashin da ke nitsewa da ƙasa. Abin yi a janye hatsi gaba ɗaya, a bar shi da ciyawa, a tsayar da shi a yashi mai laushi, a sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a kira likita a ranar.

Na biyu, tetanus. Doki na cikin dabbobin da wannan cuta ta fi kamawa, ƙwayarta kuma tana cikin ƙasa da kashin dokin kansa. Ƙusar da ta kauce ta shiga nama, a zare ta, kada a mayar da wata a ramin, a zuba aidin, a yi masa allurar kariya ta gaggawa in ba a taɓa yi masa rigakafi ba. Rigakafin kansa allura 2 ce, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, sannan a riƙa sabuntawa. Mai gaskiya zai gaya maka ƙusa ta kauce. Wanda ke tsoron a gane bai iya ba shi ke rufewa ya yi shiru. Kuma don Allah a daina shafa baƙin man mota a kofato ko ɗura shi cikin rauni.

Baba Shamaki: Likita, wannan bayani naki na karɓa, kuma ya kamata kowane ɗan barga ya ji shi. Inda nake tsoro, Alhaji, in aka ce sai da jarrabawar alƙalami da Turanci, dattawan da suka fi kowa hannu su za a fara kora, a bar mu da yara masu takarda da ba su taɓa riƙe ƙafar ingarma mai harbi ba. In gwaji za a yi, a yi shi a gindin turke, da baki, da Hausa. A kawo likitan dabbobi daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko wata makarantar, a haɗa shi da shamakai da maƙera, mutum ya datse ƙafa huɗu a gabansu, ya nuna farin layi, ya faɗi alamomin ciwon hatsi da na ƙurji. Wanda ya ci, ƙungiyar mahaya ta garin ta rubuta sunansa, ta raba na masu datsewa da na masu buga takalmi.

Alhaji na Ingila: Baba, ai rajistar ke nan kuka kawo, ta hanyar da ta dace da mu. Sharaɗina ɗaya: wanda ya gurgunta doki ya ɓoye, a iya cire sunansa. In ba cirewa, jerin sunaye ne kawai.

Malam Maƙeri: Kafin a kai can, ga abin da ya shafi bana. A Kano hawa ba na yini ɗaya ba ne, akwai na Sallah, da Daushe, da Nasarawa, kuma yawancin hanyar kwalta ce mai cin kofato. Mai datsewa ya yi aikinsa saura mako 2, ya bar bango da ɗan tsayi fiye da yadda ya saba, kada ya taɓa tafi. Wanda zai sa takalmi ya sa saura kwana 10, don in akwai ƙusar da ta matse ta nuna kanta a cire ta tun da sauran lokaci. Takalmin ƙarfe kuma yana santsi a kwalta, dokin da bai saba ba a yi masa kilisa a kai sau da yawa kafin ranar.