Ubuntu ta ƙi barina na shiga, sai dawo dani take wajen fasuwod

Salam 'yan uwa, dan Allah masana Linux ku agaza min. Kwamfutar tebur ce ta shagonmu, Ubuntu 22.04 (wani nau'in Linux, babbar manhajar dake tafiyar da kwamfuta) ke kanta, ana cikin ofdet aka ɗauke wuta, tun daga nan in na sa fasuwod sai allon yayi baƙi na ɗan lokaci ya sake dawo dani inda na fara, kuma ba wai fasuwod ɗin bane dan in na sa na ƙarya tana cemin ba daidai bane.

Na danna Ctrl+Alt+F3 na shiga ta baƙin allon rubuta umarni lafiya lau. Na duba df -h, diski bai cika ba. Nayi sudo dpkg --configure -a (umarnin ƙarasa saitin manhajojin da ofdet ya bari rabi) ya gama ba ƙorafi, na canja tsarin nuna hoto a allo daga Wayland zuwa Xorg ta ɗan maɓallin saiti dake ƙasa ta dama, duk kanwar ja ce.

Wani yace in goge in sake lodi kawai, shi da sauƙi a bakinsa, furojet ɗin ɗalibai da muke taifin duk yana ciki. Me ya kamata in nema a journalctl (inda ake duba rahoton abin da ya faru a kwamfutar)? In na sake saka gdm3 (manhajar allon sa fasuwod) zai taɓa min fayiloli? Nagode.