Rahoton DNA ta hannun ɗan sanda mai bincike: ta ina za a tunkare shi?

Ƙaramin Lauya, Gusau
Assalamu alaikum manyanmu. A shari'ar fyaɗe gaban Babbar Kotu, idan mai gabatar da ƙara ya nemi shigar da rahoton DNA ta hannun ɗan sandan da ya yi bincike, alhali wanda ya yi gwajin yana Legas, ta ina lauyan wanda ake tuhuma zai fara?

Barista, Tudun Wada
Wa alaikumus salam, ƙanena. Rahoton nan ra'ayin ƙwararre ne a ƙarƙashin sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011, ɗan sanda kuwa ɗauko takarda kawai ya yi, ba zai iya kare ko layi ɗaya ba. Ka nemi a kira mai gwajin, ka jingina da sashe na 36(6)(d) na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba wanda ake tuhuma damar yi wa shaidun mai gabatar da ƙara tambayoyi. Abin da kwamfuta ta fitar, ka tambayi takardar shaidar ingancinsa da sashe na 84 na Dokar Shaida ya tanada. Sai dai alƙali na iya karɓar rahoton ya bar maganar nauyinsa sai ranar hukunci, don haka ka tanadi tambayoyinka.

Hajiya Barista, Ƙaura
Ranka ya daɗe, ni a ganina gizon yana saƙa ne tun kafin Legas. Wa ya ɗauki samfurin da aka gwada, daga jiki ko tufafi, ƙarfe nawa, wa ya liƙe ambulan ya sa hannu, kwana nawa ya yi wurin mai ajiyar kayan shaida, wa ya kai? Kowane hannu ya kamata a ga sunansa da kwanan wata a rajista. An fi son a ɗauki samfurin cikin awa 72 da faruwar abin, kafin wanka. Zane ko ɗan kamfai ana shanya shi a inuwa ya bushe, a sa a ambulan na takarda, kowanne daban. Aka ƙulle shi da danshi a leda, a zafin Afrilu, ya yi fumfuna ya lalace. Lalacewa dai yawanci rashin sakamako take kawowa. Abin da zai iya ɗaure marar laifi shi ne a cusa zanen yarinya da wandon wanda ake zargi a leda guda. Wannan tambayar ka fara yi wa ɗan sandan.

Malam Lauya, Talatar Mafara
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: DNA na nuna an sadu, ba ya nuna an tilasta, sai in yarinyar ba ta kai shekarun da yardarta ke da amfani a doka ba. A kotun Shari'a kuma ƙarina ce, wato alama mai nuni, ba shaida kai tsaye ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) a Makka ta amince a 2002 a yi aiki da shi a laifukan da babu haddi ko ƙisasi a cikinsu, saboda haka ka duba tuhumar da kyau: haddi ake nema ko ta'aziri, wato horon da aka bar wa alƙali ya ƙayyade?