Neman shawara: babi na huɗu na furojet ɗina a kan kumbon Columbia

Ɗan Autan Hajiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a fannin injiniya, saura sati biyu a kira ni kare furojet. Da farko belt ɗin mota na so yin aiki a kai, malamin da ke duba ni ya ƙi, muka canja, shi ma aka canja min shi, sabon kuma sai da na yi ta sintiri ofishinsa kafin ya karanta. Aikin a kan kumbon Columbia ne da ya tarwatse a saman jihar Tekzas ran 1 ga Fabrairu 2003, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Rahoton NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, na Disamba 2008 ya nuna ɗaya bai sa hular kwanonsa ba, uku ba su sa safar hannu ba, kuma ba wanda ya rufe gilashin hularsa. Sai na rubuta cewa da sun shirya da sun tsira. Malam ya ja jan biro, ya ce in sake. In sake ko in tsaya a kan bakana?

Injiniya Babba: Wa alaikumussalam. Ƙanena, malaminka ya fi ka gaskiya. Rahoton ya lissafa abubuwa biyar da kowannensu zai iya kisa, kai ka kama na farko ka tsaya. Iska ta zurare daga ɗakin da suke zaune a kumbon, suka suma nan take, wannan shi ne rigar 'yan sama jannati mai riƙe iska za ta iya jinkirtawa. Bayan nan ɗakin ya riƙa juyawa, belt ɗin kafaɗa bai kulle ba, hulunan kuma ba su kama kai ba. Sai ɗakin ya wargaje, kuma rahoton ya ce wannan matakin ba kayan da za su tsallakar da mutum. Ita laimar saukar ma da hannu ake kunna ta. Wanda ya suma wa zai ja masa?

Maman Walida: Allah Sarki. Ni maganar belt ɗin ce ta taɓa ni. Shekaranjiya direban da ya ɗauko mu sai da ya hango jami'ai ya yafa shi a kafaɗa, ko ƙarfen ɗaurewa babu. Na yi magana, fasinjoji suka ce na cika tsoro.

Ɗan Autan Hajiya: Yaya Injiniya, to kumbon Sobiyet Soyuz 11 fa? A 1971 mutum uku sun mutu saboda ba riga a jikinsu, daga baya Tarayyar Sobiyet ta wajabta ta. A kan wannan na kafa hujjata.

Injiniya Babba: Soyuz 11 bawul ne ya buɗe iska ta zurare, kumbon ya sauka lafiyarsa ƙalau, aka buɗe aka tarar da gawarwaki. Columbia kuwa tun ran 16 ga Janairu, daƙiƙa 82 da tashi, ɓallin soson da ya lulluɓe tankin mai ya huda fiffiken hagu. Kumbon ne bai dawo ba. Kada ka ɗora wa matattu laifi, shirin saukowar ma bai ba su isasshen lokacin sa kaya ba.

Abu Sadik: Ni dai kar ka canja komai. Malamai haka suke, nawa sai da ya riƙe min takarda zango guda a kan waƙafi. Samu wani a sashen ya sa baki.

Maman Walida: A'a Malam Abu, zai ja wa yaron nan baƙin jini. Ka bi malaminka ka karɓi sakamakonka, ɗana.

Ɗan Autan Hajiya: Na gode Mama. Amma an riga an buga min kwafi uku, kuma ban ce laifinsu ne ba, cewa na yi rigar na da amfani.

Injiniya Babba: Ba haka ka rubuta a sama ba. Turo shafin mu gani.

Ɗan Autan Hajiya: Cajina ya kusa ƙarewa, sai an kawo wuta.