Angels & Demons: shin Galileo da Bernini 'yan Illuminati ne da gaske?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman ƙarin haske kan fim ɗin nan na 2009 da Tom Hanks ya fito a ciki. An sace wani sinadari wai antimatter daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN, aka ɓoye shi a matsayin bam a Vatican daidai lokacin zaɓen sabon Fafaroma, shi kuma gogan yana bin coci-coci da gumakan birnin Rum yana karanta alamu. Ni ɗinki na sani, ban yi boko mai zurfi ba. Wai masanin kimiyya Galileo da masassaƙin nan Bernini 'yan ƙungiyar asiri ta Illuminati ne da ke yaƙar coci a ɓoye? Kuma bam ɗin nan zai yiwu?

Malama Physics:
Wa alaikumus salam, Malam Tela. CERN gaskiya ce, tana kusa da Janeba a kan iyakar Siwizalan da Faransa, kuma ramin na'urarta a ƙarƙashin ƙasa ya kai kilomita 27 a zagaye. Antimatter ma akwai shi: da ya taɓa abu na yau da kullum sai dukkansu su ɓace, su koma makamashi. Inda fim ya zuga shi ne yawan. A 2011 masana can sun riƙe 'yan ƙwayoyinsa na kimanin minti 16, duniyar kimiyya ta yi ta murna. Kafin a tara giram guda sai an shafe biliyoyin shekaru. Ka kwantar da hankalinka. A asibiti ma ana amfani da irinsa a hoton PET wajen gano ciwon daji.

Baba Ishaya, Kaduna:
Ɗana, lissafin shekaru kaɗai ya kashe maganar. Galileo ya rasu a 1642, Bernini a 1680. Illuminati kuwa sai 1776 wani malamin shari'a, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Bavaria ta Jamus, kuma ba ta shekara goma ba hukuma ta haramta ta. To yaushe suka shiga?

Bernini ma ai yaron fafaromomi ne, a hannunsu ya ci abinci. Shi ya tsara jerin ginshiƙan da suka rungume dandalin St. Peter, shi ya yi maɓuɓɓugar koguna huɗu ta Piazza Navona a 1651, wadda kuka gani a fim. In ka duba da kyau, gunkin Kogin Nilu ya lulluɓe kansa da ƙyalle, don a lokacin Turawa ba su san mafarinsa ba. Alama ce ta gaske, amma mai fim bai ga kuɗi a cikinta ba.

Ba na wanke coci: shari'ar Galileo a 1633 ta faru, kuma a tsare a gida ya ƙare rayuwarsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne a nuna kamar limami da masani ba sa shan inuwa ɗaya. Georges Lemaître, wanda a 1927 ya kawo hujjar cewa sararin samaniya na faɗaɗa, fada ne na Katolika.

Telan Fagge:
Na gode, Baba, na gode, Malama. Ashe yadin na gaske ne, ɗinkin ne na bogi. Amma Baba, cikin cocin da suka nuna fa, na ainihi ne?

Baba Ishaya, Kaduna:
A'a. Hukumomin coci a Rum sun hana su ɗaukar fim a ciki, sai suka gina kwaikwayonsa a Amurka.